Fintan Ya Ce A'a

Stoneybatter, Dublin,
Litinin.

Zuwa ga Yayata Carmel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki, tana barin ki ki hau bene kuwa? Yaya 'yarki Noeleen da yaranta, yaya sanyin Leeds? Mu nan lafiya lau, sai ruwan saman da kika sani. Na so in buga miki waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu har maƙwabta na leƙowa, ke kuwa kina cewa wai layin ne ba kyau. Ba layi ba ne, Yaya, kunnenki ne. Tunda kin ƙi sa na'urar kunnen da likita ya ba ki, sai ki haƙura da rubutuna.

Auta ya iso ranar Asabar. Fintan ɗinmu da muka raka tashar jirgin ruwa da jaka ɗaya da gashi har kafaɗa, ga shi ya dawo da sanƙo da sanda. Rabona da shi tun jana'izar Mama, Allah ya jiƙanta. Mutuwar matarsa Renate ta taɓa shi ƙwarai, rigar da ke jikinsa kamar ta aro. Ya zo da 'yarsa Silke, doguwa, mai natsuwa, hancin Baba sak. Gwaggo take ce mini, kuma ta iya gaisuwa.

Tun a daren farko ta keɓe ni a kicin ta faɗa mini dalilin zuwansu. Ta samu aiki a Kanada, za ta tafi farkon shekara, kuma ba ta iya barin ubanta shi kaɗai a gidan Hamburg. An samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi, suna jiran amsarsa da zarar ya koma. Wai ta kawo shi ne ya ga garinsu kafin nan. Gidan tsofaffi, Yaya! Autanmu, alhali ɗakin baya na nan a rufe tun rasuwar mijina Christy, ba kowa a ciki sai keken ɗinkina da kwalaye. Na ƙudura a raina ba zai koma ba sai na yi masa tayin ɗakin nan.

Amma bari ki ji abin da ya sanyaya mini gwiwa. Suna shigowa na ɗora buta na ce, "Auta, za ka sha shayi." Ya ce, "A'a, Yaya, kada ki wahalar da kanki." Na ce, "Haba, kofi ɗaya dai." Kafin ya buɗe baki Silke ta dafa hannuna cikin ladabi ta ce, "Gwaggo, ai ya ce a'a. A can wurinmu in mutum ya ce a'a ya gama magana. Tunda na taso ban taɓa ganin an matsa wa Baba a kan abu ba." Na dubi Fintan, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Kin san yadda Mama ta tashe mu. Wanda ya karɓi tayi tun karon farko mayunwaci ne marar tarbiyya, wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya ja bakinsa marowaci ne. Sai an ƙi, an sake, an ƙi, an roƙa, kana a zauna a sha. To amma shekara arba'in a wata ƙasa ba wasa ba ne, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Na ce wa kaina, Imelda, ƙaninki ya zama Bajamushe, ki bi shi a yadda yake kada ki kore shi da naci. Na kashe butar, kunya kamar in nutse.

Gobe za mu fara yawo. Silke na son ganin duk wuraren da baƙi ke zuwa gani, kuma ni ta naɗa jagora, wai ni ce 'yar gari. Ban iya faɗa mata cewa ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Ke ma ai ba ki taɓa ba, kada ki yi mini dariya.

Ki gai da Noeleen da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Imelda.


Stoneybatter,
Juma'a.

Yaya Carmel,

Ina gaishe ki, ina kuma fata kin tashi lafiya, ke da duk mutanen gida. Gwiwa ta yi sauƙi? Ni dai tawa ce yanzu ke neman bin sahun taki, don yarinyar nan ta kusa tsinka mini ƙafa.

Mun fara da bas ɗin nan mai bene marar rufi, wanda shekara da shekaru nake ganin sa cike da mutane jiƙe sharkaf ina cewa Allah ya shirye su. To, ranar Talata ni ce a sama, sanye da rigar leda ruwan ƙwai da suka raba mana. Direban ɗan unguwar Finglas ne, bakinsa ba ya hutawa. Muna hawa gada ya ce, "Jama'a, ga kogin Liffey a damanku, in kun ji wani wari ba ni ba ne." Wata Ba'amurkiya da ke gefena ta tambaye ni daga wace ƙasa na zo. Na nuna mata na ce daga bayan cocin can. Ta yi ta dariya, ta ɗauka wasa nake.

Sai dai in faɗa miki gaskiya, daga sama garin daban yake. Shekara talatin ina bin titin O'Connell zuwa wurin ɗinki, kaina a ƙasa ina kauce wa ruwa, ban taɓa sanin akwai mutum-mutumi a kan rufin gidan waya ba. Doguwar allurar ƙarfen nan da muka yi ta zagi lokacin da aka kafa ta a tsakiyar titin, da rana ta ɗan leƙo ta haska ta, sai da na ce ashe ba laifi. Kada ki faɗa wa kowa na ce haka.

A gidan tarihi mun ga wani mutum da aka tono daga cikin taɓo, wai ya fi shekara dubu biyu, fatarsa ta yi baƙi ta yamutse, har farcensa na nan. Ina tsaye ina yi masa addu'a a zuci, sai Fintan ya matso kunnena ya ce, "Yaya, ga saurayinki na farko, ko kaɗan bai canza ba." Na ɗaka masa duka a kafaɗa har mai gadi ya juyo. Daɗi ya kama ni, don wannan bakin na Auta ne, ba na Bajamushe ba. Haka kuma duk bas ɗin da muka sauka sai ya tsaya ya yi wa direba godiya, yadda muke yi. Silke ta ce a Hamburg ma haka yake yi, direbobi na kallon sa kamar mai taɓin hankali.

Jiya muka je tsohon gidan yarin Kilmainham. Sanyi kamar cikin rijiya. Fintan ya shaida wa Silke cewa ƙanin kakanmu ya yi zama a nan saboda ƙasa. Na ce kowane gida a Dublin yana da kakan da aka tsare a nan, da duk gaskiya ne da gidan yarin ya kai girman garin. Amma a filin da aka harbe masu fafutukar 'yancin ƙasa kowa ya yi tsit, ni ma na share hawaye.

Abin da ke damuna shi ne ci. Yaya, yaron nan ba ya cin komai. Na gasa burodin Mama, na yi romon rago da dankali, na zuba masa ya ci rabin faranti. In na ce, "A ƙara?" sai ya ce a'a, ni kuma in haɗiye maganata in ɗauke tukunya. Yau a filin shaƙatawa na Phoenix Park, muna zaune a kan benci muna kallon bareyi, garke guda suna kiwo ba ruwansu da kowa, na buɗe ƙunshin burodi da cuku na miƙa masa. Ya ce, "A'a, na ƙoshi." Na zauna ina ci ni kaɗai kamar marowaciya, shi yana kallon hannuna. Ko girkina ne ya daina yi masa daɗi, oho.

Duk da haka ina da sa rai. Da ya ga bishiyar da kika faɗo daga kai kika karya hannu, fuskarsa ta washe, ya ba Silke labarin har da kwaikwayon kukanki. Mutumin da ya tuna bishiya ai bai manta gida ba. Lahadi za mu je wurin su Mama, daga nan zan yi masa maganar ɗaki.

Ki huta lafiya. Gaisuwa ga Noeleen.

Taki,
Imelda.


Stoneybatter,
Litinin.

Yayata,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri, yau takardar gajeriya ce, raina ba daɗi.

Mun je maƙabartar Glasnevin bayan coci. Baƙi ne cike da wurin suna bin jagora daga kabarin wannan babban mutum zuwa na wancan, mu kuwa muka ratsa su zuwa can baya inda namu suke. Na kai furanni da sunanki. Fintan ya cire hula ya daɗe a tsaye, ya gabatar da Silke ga Mama da Baba kamar suna ji. Ni ma na yi imani suna ji.

Da muka dawo cikin gari Silke ta ce sai ta ɗauki hoton gadar Ha'penny daga bakin kogi, ta bar mu a tsakiyar gadar mu biyu. Na ga dama ta samu. Na ce, "Auta, ɗakin baya na nan ba kowa. Ka bar maganar gidan tsofaffin nan, ka dawo gida mu zauna." Ya ce, "A'a, Yaya, ba zan ɗora miki nauyi ba. Tsoho da tari da sanda, me za ki yi da ni?"

Carmel, maganar ta zo mini har baki. Na so in ce ƙarya kake, in kama kunnensa yadda nake yi yana yaro. Sai na hango Silke a ƙasa tana ɗaga mana hannu, na tuna abin da ta ce. Shi kuwa ya tsaya yana kallona bai ƙifta ba. Na ce, "To, yadda ka gani." Ya juya ya zuba wa ruwa ido. A hoton da ta ɗauka duk muna murmushi, sai ki rantse ba abin da ya faru.

Da yamma na ji yana ce mata ta sanar da mutanen gidan tsofaffin cewa ya amince. Ta ce a bari sai sun koma ranar Alhamis ya sa hannu da kansa. Na shiga ɗakin baya na zauna a kan kwali na yi kukana. Na riga na wanke labule, Yaya, har sabon bargo na saya.

Saura wuri ɗaya Silke ke son gani, Laraba za mu je. Daga nan shi ke nan, sai rakiya filin jirgi.

Ki yi mini addu'a in iya sallamar sa da fuska a sake.

Ƙanwarki,
Imelda.


Stoneybatter,
Alhamis.

Yaya Carmel, Yaya Carmel,

Gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya yara, duk na tambaya, ki amsa da kanki don ina sauri. Nemi kujera ki zauna. Idan waccan takardar ta sa ki kuka, to share hawayenki.

Kin san inda yarinyar nan ta kai mu jiya? Wani tsohon gidan haya a titin Henrietta, irin wanda aka haife mu a ciki, layi biyu da namu. Sun gyara shi sun mai da shi gidan tarihi, mutane na zuwa daga ƙasashe su ga yadda talakawa suka zauna. Na ce ikon Allah, talaucin da muka yi ta ɓoyewa a makaranta yau shi ake layi a gani. Na so in tsaya a waje, ruwa ya kore ni ciki.

Yaya, ɗakinmu ne. Gadon ƙarfe, labulen da ya raba ɗaki biyu, bokiti a bayan ƙofa, hoton Uwargida Maryamu da ƙaramar fitila a ƙarƙashinsa. Har warin jan sabulun nan. Mai yi mana jagora wata mata ce 'yar unguwar Cabra, Dervla, mai fara'a, tana bayani a hankali. Fintan ya sunkuya yana gaya wa Silke a kunne cewa shi ne mai sauka da bokitin kowace safiya don shi ne ƙarami. Ashe matar ta ji.

Ta ce, "Baba, a irin gidan nan ka taso? Don Allah ka ba mu labari." Ya ce, "A'a, 'yata, ni ba ni da abin faɗa." Na ga Silke ta buɗe baki, amma ina, 'yar Cabra ta riga ta. "Haba Baba, ka daure." Ya ce, "A'a, zan ɓata wa mutane lokaci." Ta ce, "Wane lokaci? Ruwa ake a waje, ba inda za su. Ga kujera, zauna." Sai ƙaninki ya gyara hula ya ce, "To, tunda kin matsa." Ya zauna.

Ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Yadda muke kwana kai da ƙafa a gado ɗaya da rigar sanyin Baba a matsayin bargo. Yadda ƙofar waje ba ta rufuwa, marasa gida su kwana a kan matakala, Mama ta miƙa musu shayi da safe. Ya ce ya shekara bakwai yana kwana da ƙafar yayarsa Carmel a hancinsa, shi ya sa har yau ba ya jin wari. Baƙi suka yi ta dariya, wata 'yar Koriya tana kuka. Sunanki ya tafi duniya, sai haƙuri.

Ni kuwa ban ji rabin labarin ba. Ina tsaye jikin bango, "tunda kin matsa" na ta yi mini yawo a ka. Na tuna shayin ranar farko, da tukunyar da nake ɗaukewa, da yadda ya kalli hannuna a kan benci, da kallon da ya yi mini a kan gada. Ashe jira yake. Hali zanen dutse, yaron nan bai canza ko ƙwayar zarra ba, ni ce na zama Bajamushiya a cikin gidana.

Ban iya jira mu kai gida ba. A cikin bas, cike da mutane, na ce, "Fintan, ɗakin baya." Ya ce, "Ai mun gama wannan maganar." Na ce, "Ba mu gama ba, farawa muka yi aka katse mu. Za ka dawo gida." Ya ce, "A'a, Yaya, kin saba da zamanki ke kaɗai, zan takura miki." Na ce, "Wa ya ce maka daɗinsa nake ji? Da rediyo nake hira, har musu nake da shi." Silke ta ce, "Gwaggo," na ce, "'Yata, yi shiru, yau ta gida za a yi."

Wata tsohuwa da ke gabanmu da jakar cefane ta juyo ta ce, "Me ake ba shi yake ƙi?" Na ce ɗaki. Ta ce, "Ɗaki? A Dublin ɗin nan? Bawan Allah, in ba ka so ni ina so, jikana na kwana a falo." Wani mai kayan fenti a jiki ya ce daga baya, "Ka karɓa, Baba, matar nan ba za ta bar mu mu sauka ba." Bas ya ɗauki dariya.

Fintan bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Da na ce a'a a kan gada kika yi shiru, sai na ɗauka sauƙi ne ya zo miki. Na ce ashe don sauke nauyi kika tambaya." Wannan magana ta soke ni, har yanzu ina jin ta. Na kama hannunsa na ce, "Ɗan Mama, ni da kai? Wallahi ko za ka ce a'a har tashar ƙarshe, ina nan ina tambaya. Ka dawo gida." Ya daɗe yana kallon taga. Kana ya ce, "To, tunda kin matsa." Tsohuwar nan ta ce, "Alhamdu lillahi, mun huta," direba ma ya danna oda.

A gida na tsare shi na ce don me bai yi magana ba tun ranar farko. Ya ce, "In ƙaryata 'yata a gabanki? Kuma in buɗe baki in ce a sake yi mini tayi? Ai Mama sai ta taso daga kabari." Ya ce kusan mako biyu yana kallon burodina kamar maraya. Silke ta zauna ta riƙe kai. Ta ce, "Baba, duk shekarun nan?" Ya ce, "Uwarki mace ce ta gari, ba ta da na biyu, amma tun da na aure ta ban taɓa cin yanka na biyu na kek ɗinta ba." Yarinyar ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta haɗa duka.

Can sai ta ɗago a tsorace ta ce ta taɓa tambayar sa ko ta fasa Kanada ta zauna da shi, ya ce a'a, ta kuma yarda. Ya ce, "Wannan ta gaske ce. Tambaye ni sau goma ki ji." Ta tambaya har ta gaji, bai motsa ba. Ta ce to yaya ake bambancewa? Na ce ba a koyar da wannan, sai dai ta riƙa zuwa hutu tana zama da mu.

Faranti uku ya ci, Yaya, bayan ya ƙi kowanne yadda ya kamata. Yau da safe na raka su filin jirgi. Zai je ya ba mutanen can haƙuri, ya tattara kayansa, ya yi sallama da abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa. Dervla ma ta karɓi alkawarinsa, wai akwai ranar da tsofaffin unguwa ke haɗuwa a gidan tarihin su sha shayi su ba da labari.

Hannuna ya gaji. Ki gai da kowa da kowa, ki ce wa Noeleen kawunta na dawowa.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Imelda.


Stoneybatter,
Asabar, Nuwamba.

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Ina miƙo gaisuwa, da fatan sanyin bana bai taɓa miki ƙashi ba. Takardarki ta iso, na kuma karanta faɗan da kika yi mini har ƙarshe. Na karɓa, ke ce babba. Amma maganar ƙafarki ba ni na faɗa ba, ki nemi mai ita.

Auta ya iso shekaranjiya ta jirgin ruwa, ta tashar da muka raka shi yana saurayi, shi da Silke da ƙaramar motar kaya. Rayuwar shekara arba'in ba ta cika motar ba. Keken ɗinki ya koma falo, ɗakin baya ya zama nasa. Har ya fara gunaguni wai tagar na shigo da iska, ya ce Litinin zai gyara ta. Mun riga mun yi faɗa sau biyu a kan rediyo, gidan ya dawo gida.

Jiya da hantsi na same shi tsaye a falo da wani abu nannaɗe cikin tawul, yana ta waige-waige. Hoton Renate ne, tana dariya a bakin teku, iska na kaɗa mata gashi. Ya ce wai yana neman ƙusa ne ya rataye shi a bayan ƙofar ɗakinsa. Na ce bayan ƙofa wurin tsintsiya ne, ga wuri a saman murhun falo kusa da hoton Christy. Ya ce, "A'a, Yaya, nan wurin mijinki ne, gidanki ne."

Wannan karon ban sake tambaya ba. Na karɓe hoton daga hannunsa, na matsar da Christy gefe, na goge wurin da bakin rigata, na ajiye ta. Na ce, "Gidanmu ne." Ya tsaya yana kallon su su biyun, ya daɗe, sannan ya ja kujerar da ke kusa da wuta ya zauna ya cire takalmansa.

Yana gaishe ki ƙwarai, Silke ma haka. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mu tare.

Ƙanwarki har kullum,
Imelda.